Babi na Biyu: Ido Kafin Gangar Jiki

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ɗan ƙanwata ya same ni a zaure, ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa. Hotunan kyamarori uku ne wani ya turo masa. Ya gama hidimar ƙasa, ya tattala abin da ya samu na alawus, mahaifiyarsa ta cika masa da kuɗin adashenta.

"Kawu, wacce ta fi a cikinsu? Wannan ta tsakiyar an ce megafiksel 24 gare ta."

Na ce ya mayar da wayar aljihu, ya fara gaya mini abin da yake so ya ɗauka. Ya ce komai. Da na matsa masa sai komai ɗin ya rabu gida uku: dawakin hawan sallah, bikin abokansa da suka fara aure, da kuma tsofaffin soraye da lungunan cikin birnin Kano, waɗanda ya ce kullum ya wuce sai ya tarar an rushe ɗaya an kafa bulo. Na ce to yanzu muka fara magana. Waɗannan abubuwa uku kowanne da abin da yake bukata daga kyamara, kuma babu ɗayansu da yawan megafiksel zai biya masa bukata.

Duk wanda zai kashe kuɗi a kan na'ura ya kamata ya san abin da ke cikinta. Irin kyamarar da ake kira DSLR tana da wani ɗan madubi da ke zaune a karkace a cikinta. Haske zai shigo ta idon kyamara, wanda masu sana'a ke kira lens, ya bugi madubin, ya hau sama, ya juyo ya fito ta 'yar tagar da kake kafa idonka. Saboda haka abin da kake gani shi ne ainihin abin da idon kyamarar yake gani. Kana danna maɓalli sai madubin ya ɗage, labulen ciki ya buɗe, hasken ya sauka a kan farantin da ke karɓar hoto, wato sensa, sannan komai ya koma mazauninsa. Wannan ƙaras ɗin da kake ji, ƙarar madubi ce da labule. Idon kuma ana kwance shi a ɗaura wani, kamar yadda ake sauya wa doki sirdi. A nan ne duk amfanin wannan kyamara ya taru, kuma a nan ne sabon shiga ya fi yin asarar kuɗinsa.

Tsarin ya girmi zamanin kwamfuta. Nikon F ta fito a 1959 tana cin fim. A 1991 kamfanin Kodak ya ɗauki gangar jikin Nikon F3 ya saka mata sensa mai megafiksel 1.3, ma'ajiyar hotunan kuma akwati ce daban da ake ratayawa a kafaɗa. A 1999 Nikon D1 ta zo da megafiksel 2.7, kuma da ita manyan jaridun duniya suka riƙa cika shafinsu na farko. Sai a 2003, da Canon ta fitar da 300D a ƙasa da dala 1,000, talaka ya fara jin cewa shi ma zai iya mallaka. Na kawo waɗannan shekarun ne don mai karatu ya auna da kansa. Hoton da za a wanke da girman takardar A4, tas, ba ya bukatar fiye da megafiksel 9. Duk DSLR da za ka tarar a kasuwa yau, ko ta shekara goma sha biyar ce, ta wuce haka. Wanda ya ƙara kuɗi don ya tashi daga 18 ya koma 24 ya sayi abin da ba zai taɓa gani da idonsa a kati ba.

Akwai wata gaskiyar da mai shago ba zai fara da ita ba: ranar DSLR ta yi yamma. A 2018 Canon da Nikon suka karkata ga kyamarori marasa madubi, kuma manyan DSLR ɗinsu na ƙarshe, 1D X Mark III da D6, a 2020 suka fito. Wani zai ce to me ya sa ba za a tsallake kawai a sayi marar madubi ba? Wanda yake da hali ya saya, ba laifi. Amma ni a ganina wannan faɗuwar ranar alheri ce ga yaron da ke Yakasai ko Mandawari. Masu hoton Turai da Amurka suna ta sauke tsofaffin kayansu, kayan suna gangarowa ta Legas da Dubai su iso mana a matsayin na hannu, a farashin da mai koyo zai iya kaiwa, musamman tun da darajar Naira ta zube daga 2023 sabon kaya ya yi wa mutane nisa. Ga kuma maganar batir. Da yake tagar leƙen DSLR ba ta cin wuta, Nikon D3500 an auna tana ɗaukar hoto 1,550 da caji ɗaya, alhali ƙananan marasa madubi ba kasafai suke kai 500 ba. A garin da za a iya kwana biyu ba a kawo wuta ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma idanun da ka saya yau ba za su mutu da gangar jikin ba, domin kamfanonin biyu sun yi zoben haɗi da ke ɗaura tsohon ido a sabuwar kyamara.

Canon ko Nikon? Wannan gardama ta cinye wa matasa dare da yawa a majalisa, kuma amsarta gajeriya ce. Ka sayi irin ta wanda zai koya maka. Ranar da batir ɗinka ya mutu ana tsakiyar kamu, ko kana bukatar aron dogon ido na yini ɗaya, abokin da ke riƙe da irin taka shi ne zai fitar da kai kunya. A iya abin da na gani, Canon ta fi yawa a hannun masu hoton biki da masu fim a Kano, don haka batir da caja da mai gyara sun fi sauƙin samu. Hoton Nikon bai gaza nata da komai ba.

Yanzu mu shiga lungu, domin a nan ne maganar take.

Kusan duk ƙaramar DSLR tana zuwa da ido ɗaya da aka rubuta wa 18-55. Ido ne mai rufin asiri, kada a raina shi. A 18 yana da faɗi, zai kwaso maka Ƙofar Nasarawa ko fuskar Gidan Makama gaba ɗaya ba sai ka ja da baya ka faɗa titi ba. Rauninsa yana ga haske. A jikin kowane ido akwai lamba da ake rubutawa da harafin f, wadda ke nuna iyakar faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga. Lambar tana tafiya ne a juye: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Idan ka zuƙo da 18-55 har ƙarshe, ƙofarsa tana tsayawa a f/5.6. A filin Idi da hantsi wannan ya isa har ya yi yawa. Amma shiga zauren ƙasa mai kauri, wanda haskensa daga ƙofa ɗaya yake zuwa, ko ka ratsa rumfunan Kasuwar Kurmi inda rufi ya haɗe da rufi, ko ɗakin amarya bayan magariba, sai ka ga kyamarar ta fara laluben duhu. Ko dai ta bar labule a buɗe ya daɗe hoton ya yi rawa, ko ta ƙara wa sensa ƙarfi hoton ya fito da tsaki-tsaki.

Maganin wannan ɗan ƙaramin ido ne marar zuƙowa, 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a duk idanun da Canon da Nikon suka yi. Tsakanin f/5.6 da f/1.8 hasken da ke shiga ya kusan ninki goma. Babu wata gangar jiki da za ka ƙara wa kuɗi ta ba ka ninki goma na komai. Da wannan ido ne za ka ɗauki fuskar dattijo mai ɗinkin hula a bakin zaurensa, zaren da allurar su fito ƙarara, bangon da ke bayansa ya narke ya yi laushi. Wannan laushin da mutane ke gani su ce lallai babbar kyamara ce, aikin ido ne.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma na ga ya kama mutane da yawa. Sensar ƙananan kyamarori ba ta kai girman tsohon fim ba, wanda yake milimita 36 da 24. Saboda haka tana yanke gefen abin da ido ya gani, sai 50mm ya koma kamar 80 a Canon, kamar 75 a Nikon. Ga hoton mutum ɗaya daga ƙirji zuwa sama, babu kamarsa. Amma a lungun Sheshe ko Alfindiki, inda za ka miƙa hannu biyu ka kusan taɓa bango da bango, ba ka da wurin ja da baya. Za ka ga ƙofar gida mai ado kana so ka haɗa ta da zankwayenta, ido ya ba ka rabin ƙyaure. Wanda lungu da gini suka fi damunsa, in Nikon ce a hannunsa ya nemi 35mm f/1.8 mai alamar DX, in Canon ce ya nemi ɗan falalen nan 24mm f/2.8. Wannan na biyun yana da wata fa'idar ta daban: ƙanƙantarsa tana sa kyamarar ta daina tsorata mutane. Kyamara mai dogon baki tana sa yara su taru, manya su tsuke fuska.

Hawa kuwa wata duniya ce. Ranar Hawan Daushe sai bayan la'asar ake tashi, kafin hakimai su gama zuwa jafi a Ƙofar Kudu rana ta yi ƙasa, ƙura ta tashi ta haɗu da hayaƙin 'yan bindiga. Doki a guje yana bukatar labule ya buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, in ba haka ba ƙafafunsa su zama inuwa. Kuma dogarai ba za su bar ka ka matsa ba, ba kuma zan so ka matsa ba, doki ba ya sanin mai hoto. Nan dogon ido ake so, irin 55-250 na Canon ko 70-300 na Nikon, kuma a nemi mai na'urar hana rawar hannu, IS a Canon, VR a Nikon. Akwai wani 75-300 na Canon da ya cika kasuwa saboda araharsa, ba shi da wannan na'urar, kuma araha ba ta ado. Shawarata ga mai farawa ita ce kada ya sayi dogon ido a shekarar farko. Hawa kwanaki ne ƙalilan a shekara, a ƙaramar sallah da babba. Ya ara, ko ya yi haya, ko ya tsaya da ɗan idonsa ya ɗauki abin da manyan masu hoto suka juya wa baya: yaron da ke riƙe da linzami, mai gyaran rawani a gindin bango, matan da ke leƙe daga saman soro. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta saka hawan Kano cikin jerin al'adun duniya, kuma masu hoto irin su Sani Maikatanga sun shafe shekaru suna ɗaukar sarki da dawaki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hoton abin da ke faruwa a gefen hanya.

Sai ƙura. Duk littafin koyon hoto da aka rubuta a ƙasar sanyi ruwan sama yake ja wa kunne, mu kuwa abokin gabarmu hazon hunturu ne, daga Nuwamba har Fabrairu. Duk lokacin da ka kwance ido ka buɗe cikin kyamara, kuma abin da ya shiga yana iya zama a kan sensa ya riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto. Wasu kyamarori suna da na'urar da ke girgiza sensa ta kakkaɓe ƙura duk sanda aka kunna ko aka kashe. Canon 600D da 700D suna da ita, Nikon D3300 da D5300 suna da ita. Amma don a rage farashi an cire ta daga Canon 1200D da 1300D da 2000D da 4000D, an kuma cire ta daga Nikon D3400 da D3500. Ga mutumin Landan wannan ba komai ba ne. Ga mutumin Kano dalili ne da zai sa ya fifita tsohuwar 700D ta 2013 a kan 4000D ta 2018, ko da ta biyun tana cikin kwalinta. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda aljihunsa ya ɗan fi nauyi ya duba Nikon D7100 ko Canon 70D, duka na 2013, waɗanda aka toshe gaɓoɓinsu don rage shigar ƙura da danshi. Ko wacce ka saya, kada ka sauya ido a fili iska tana kaɗawa. Shiga zaure, juya bakin kyamarar ƙasa, ka yi sauri. Kada ka hura da baki, kada ka goge da gefen riga. 'Yar robar hura iska ta fi komai araha a jakar mai hoto.

Ni ma kyamarata ta farko ta hannu ce, kuma na saye ta da dare a hasken kwan lantarki, ina ɗoki. Sai da na ɗauki badala da safe na ga wani farin gizo-gizo ya lulluɓe gefen kowane hoto. Funfuna ce ta ci gilashin idon daga ciki, alamar ya daɗe a ajiye a gari mai danshi. Mai kayan ya ce an riga an yi sallama. Kuɗin wata huɗu na tara, kuma na daɗe ina jin zafin abin. Tun daga ranar ba na barin kowa nawa ya je sayen kyamara sai da rana, da memorinsa a aljihu, da wanda ya san kan abin a gefensa, ko Titin Beirut za shi, ko Sabon Gari, ko wurin wani mai hoto da ke son sauya kaya.

In ka je, kwance idon ka haska fitilar waya ta bayansa ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba ta hana komai, amma zare-zare kamar saƙar gizo ko hazo a gilashi, ajiye. Mayar da idon, ka ƙuntata ƙofar haske zuwa f/22, ka ɗauki farin bango ko sama, ka zuƙo hoton ka bi shi kusurwa-kusurwa. Ɗigon ƙura ana wankewa, ƙarzuwa ba ta wankuwa. Ka tambayi adadin hoton da ta taɓa ɗauka, domin labule yana da iyakar kwana: na ƙananan kyamarori an yi shi ne ya kai wajen 100,000. Nikon tana rubuta wannan adadi a cikin bayanan kowane hoto, ta Canon kuwa galibi sai an haɗa ta da kwamfuta. Wadda ta yi 15,000 yarinya ce. Wadda ta yi 90,000 ta sha biki, farashinta ya nuna haka. Idan mai kaya ya ƙi a duba, ya riga ya ba ka amsa.

Akwai tarko biyu da ba sa bayyana sai an kai gida. Ƙananan Nikon, jerin D3000 da D5000, ba su da injin daidaita gani a jikinsu. Idan aka haɗa ka da tsohon 50mm mai harafin D a ƙarshe, zai ɗauru lafiya lau amma ba zai daidaita kansa ba, sai ka murɗa da hannu. Mai alamar AF-S za ka nema. A ɓangaren Canon kuma, 4000D da 250D da yawancin 2000D an cire musu ƙarfen tsakiya a mazaunin filasha, don haka filasha mai araha ta wasu kamfanoni ba za ta tashi a kansu ba. Ga wanda ke sa ran cin abinci da hoton biki, wannan babbar matsala ce. Kifa kanka ka duba mazaunin da idonka.

Kuma kada kuɗin ya ƙare a kan gangar jiki. Ni nakan ce a raba shi uku, kashi biyu na kyamara da idon da ta zo da shi, kashi ɗaya na ido mai haske, da batir na biyu, da memori guda biyu na gaske, da jaka mai zif. Memorin jabu ya cika gari, kuma ba ya nuna halinsa sai ranar ɗaurin auren da ba za a maimaita ba.

Na tsaya a kan duk wannan ne saboda abin da yaron ya faɗa game da sorayen da ake rushewa ya taɓa ni. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya hau Dala ya zana birnin da hannu, kuma har yau ana komawa ga zanen don a san kamannin Kano ta lokacin. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu tana zaizayewa a gabanmu, wani wurin an ɗebe ƙasarta, wani wurin an yi gini a kanta. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi aka gina wata, kuma wanda bai gan ta ba yanzu sai dai a nuna masa hoto. Baƙo yana zuwa ya yi kwana uku ya tafi. Ɗan unguwa shi ne ya san gidan da za a rushe bayan damina, shi ne za a bari ya shiga har tsakar gida. Kyamarar da ta dace da shi ita ce wadda zai iya saya bana ya kuma iya ratayawa kullum. Seydou Keïta na Bamako, wanda hotunansa ke rataye a manyan gidajen tarihi na duniya, da 'yar akwatin Kodak Brownie da kawunsa ya ba shi a 1935 ya fara, kuma yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana.

Shigar ɗan unguwa kuma tana da ladabinta, wanda babu kyamarar da ke zuwa da shi. Sallama kafin ɗaga kyamara. Ba a ɗaukar matar aure ko budurwa ba da izini ba, ba a leƙa gida ta kan katanga, ba a ɗaukar mai bara don a burge mutanen intanet. Wanda ya ce a'a, a yi masa godiya a wuce.

Ɗan ƙanwata ya ƙare da Canon 700D ta hannu, wadda ta yi hoto dubu ashirin da 'yan kai, da 18-55 ɗinta, da 50mm. Sauran canjin ya sayi batir da jaka. Fitarsa ta farko marinar Ƙofar Mata ya nufa, wadda allon bakinta ya nuna shekarar 1498. Na ce masa kada ya fito da kyamarar sai ya zauna an gaisa. Ya dawo da hoto sama da ɗari biyu, muka zauna a zaure muka zubar da duka sai guda huɗu. A ɗaya daga cikinsu wani dattijo ya ɗago turmin yadi daga ramin baba, rinin yana ɗiga, yadin yana tsakanin kore da shuɗi domin iska ba ta gama kama shi ba. Ya wanke shi a babban kati, ranar Asabar ya koma ya kai masa. Dattijon ya goge hannunsa a zane har sau biyu kafin ya karɓa ta gefe-gefe, ya daɗe yana dubawa, sannan ya kira na ramin kusa da shi ya ce, "Zo ka ga yadda babana yake tsayawa."